Mutumin da Ke Kai Waƙa Bakin Kogi

A layinmu na Patuatuli, cikin tsohon garin Dhaka, shagunan kaset sun mutu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yi wa ko guda zaman makoki ba. Wannan ya koma sayar da tabarau, wancan rigunan waya, na ƙarshen layi ya tattara ya koma ƙauye yana cewa dama can noma ne a ransa. Tofazzal Mridha kaɗai ya rage. Shi ma ba za a ce ya rage duka ba, domin Shohag, mijin 'yarsa Shiuli, ya cika shagon da caja da batiran waya, ya bar masa kusurwa guda da kujera da tsohon hoton Baƙar Laima, wanda rana ta ci har gashin mawaƙan ya yi furfura a takarda kafin ya yi a kawunansu.

Baƙar Laima ƙungiyar masu kiɗan rok ce, samari huɗu masu dogon gashi da jita mai ƙara, waɗanda a zamaninsu iyaye suka tsana, 'ya'ya suka haddace. Tofazzal ba ya cikinsu. Bai iya kaɗa komai ba, muryarsa kuwa matarsa Hosne Ara ta taɓa ba shi shawarar ya adana ta don kiran mai riksha, wato keken haya. Aikinsa shi ne kai waƙa bakin kogi.

Kaset a wurinmu da Sallah ake fitar da shi, kamar sabuwar riga, kuma da Sallah ne Dhaka take zazzage mutanenta cikin jiragen ruwa a tashar Sadarghat kowa ya nufi garinsu. To a wannan makon Tofazzal yakan cika jaka da sabon kaset, ya bi jiragen ɗaya-ɗaya, ya hau sama wurin matuƙi, ya miƙa masa kaset kyauta da ƙunshin ganyen pan na taunawa, ya tambayi lafiyar iyali da sunayensu. Kowane jirgi na da lasifika a kowane hawa. Da an kwance igiya sai matuƙi ya danna. In kaset ya ƙare ya juya shi, in ya sake ƙarewa ya sake juyawa. Fasinja na tsakiyar kogi, gaba ruwa baya ruwa. Kafin a isa garin Chandpur, ko limami ne ya iya amshin, yana sauka kuma zai tarar da kaset ɗin jere a shagon bakin tasha, domin Tofazzal ya riga ya aika.

"Ɗan Adam ba ya son waƙa sai ya rasa hanyar gudu," in ji shi. Wannan ne dukan iliminsa. Da shi ya aurar da 'ya, da shi ya kafa ɗaki a ƙauye. Da shi kuma waƙar nan "Kada Ki Rufe Taga" ta shiga kowane gida, har aka kai ana rera ta a gidan biki da gidan yari.

Sai aka ba ɗan Adam hanyar gudu. Aka sa masa ita a aljihu, aka ja 'yar igiya zuwa kunnensa. Daga baya gwamnati ta ƙara da gina babbar gada, rabin masu hawa jirgi suka koma motar haya. Tofazzal bai yi fushi da gadar ba, yakan ce ƙarfe ne, ƙarfe ba shi da laifi. Wayar ce yake kallo kamar mutumin da ya ci masa amana, ga shi kullum yana zaune cikin cajojinta.

Wata rana kafin Babbar Sallar bara, muna shan shayi a kusurwarsa, sai ga Mahtab Talukdar, mawaƙin ƙungiyar, ya shigo. Babu wanda ya waiga a layin. Dogon gashin ya tafi ya bar sanƙo, sanƙon ya ɓuya ƙarƙashin hular hana-sallah, aljihunsa kuma cike da magungunan ciwon sukari. Ƙungiyar ba ta taɓa watsewa ba a hukumance. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma sayar da tayil, saura Mahtab da mai ganguna Ranjan Gomes, wanda gwiwarsa kan sanar da zuwan ruwan sama tun kafin rediyo. Sukan ɗauki yara biyu haya su cike gurbi, su je liyafar kamfanoni da taron tsofaffin ɗalibai.

"Tofa," ya ce, bayan ya ƙi sukari a shayi da fuskar wanda aka zalunta, "jiya sau uku na yi Taga a liyafar masu siminti. Na ce musu ga sabuwa. Wani mai tumbi ya miƙe ya ce, haba Yaya, bar sabuwa, mu ba yara ba ne."

"To ai sun biya ka."

"An biya ni, kamar yadda ake biyan mai gadin maƙabarta." Ya ajiye kofin. "Mun gama sabon faifai. Akwai wata a ciki, Kogi Ya Tsufa, ban taɓa yin irinta ba. Kuma 'yata da ke Toronto, can ƙasar waje, ta matsa mini in koma can in riƙa kai jikoki makaranta. Na ce mata ta bari sai bayan Sallah. In na ji mutum ɗaya, Tofa, ɗaya tak, wanda ba ɗan'uwana ba, ba naka ba, bai kuma sha shayinmu ba, yana rera sabuwar nan don ransa, to na zauna. In ban ji ba, na tafi goyon jakar makaranta."

Tofazzal ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. "Mutum ɗaya? Yaya Mahtab, ni da na sa ƙasa guda ta ƙi rufe taga? Ka bar mini."

Duk wanda ke wurin ya san abin da aka ɗora a faranti. In Mahtab ya tafi, Baƙar Laima ta zama hoto, Tofazzal kuma ya zama tsohon da ke tsare wa surukinsa caja.

Rigima ta farko da Shohag aka yi ta. Shi ya ce a zuba waƙoƙin a intanet a huta, an kuwa zuba, kuma waɗanda suka saurara a makon farko da za su shiga riksha biyu ba tare da an matse kowa ba. Tofazzal ya ce wannan ba fitar da waƙa ba ne, zubar da ita ne.

"Waƙar da ba a riƙe ta a hannu iska ce," ya ce. "Sai an buga faifai."

"Baba, wa zai saya? Ko ya saya, a ina zai sa?"

"Kai dai sayar da igiyoyinka."

Aka buga faifai, kwali-kwali, har suka tare hanyar shiga banɗakin gidansa. Hosne Ara ta tsaya a kansu riƙe da ƙugu. "Baban Shiuli, in aljanna ce a cikin kwalayen nan, ka matsar da ita in wuce."

Sai bikin buɗe ƙunshi. A wurinmu littafi ko faifai bai fito ba sai an naɗe shi da takarda mai ƙyalli, an ɗaure da zare ja, manyan mutane sun jeru sun yage takardar sun riƙe shi a ƙirji an ɗauki hoto. Tofazzal da kansa ya yi naɗin, ya kama hayar zaure, ya yi odar shinkafar biryani a kwali, ya bi ofisoshin jaridu da ƙafa yana gayyata. Abin da bai lissafa ba shi ne a ranar aka kawo wani bijimi kasuwar shanu ta Gabtoli, wanda aka ce ya kai ƙaramar mota nauyi kuma tuffa kawai yake ci. Duk mai kyamara a garin ya tafi gaishe shi. Waɗanda suka zo mana su ne waɗanda suka ji labarin biryani.

Babban baƙo wani tsohon sakataren ma'aikata ne mai ritaya. Ya yi dogon jawabi kan yadda ya nemi auren matarsa da Kada Ki Rufe Taga, ya rera baiti biyu, ya share hawaye, ya yage takarda, ya riƙe faifan a kife. Wata 'yar jarida da ba a haife ta ba lokacin da aka yi waƙar ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, yaya ka ji a ranka lokacin da kake rubuta Taga?"

"Yunwa," in ji Mahtab. "Akwai tambaya kan sabon?"

Babu. Sai Tofazzal ya miƙe ya ce yanzu za a ji waƙar da aka taru dominta. Ya kai faifan wurin mai kula da na'urorin zauren. Mutumin ya juya shi, ya leƙa ta ramin tsakiya kamar mai duban wata.

"Kawu, a ina zan sa wannan?"

"A na'ura mana."

"Wace na'ura? Tun kafin in kama aiki aka kwashe ta."

Aka tambayi jama'a ko akwai mai abin kunna faifai a mota. Babu. Aka tambayi Mahtab, ya ce tasa jikokin maƙwabta sun cusa mata biskit. Ranjan Gomes kuwa ya riga ya ɗora kofin shayinsa a kan nasa faifan. Kafin a nemo waƙar a waya a haɗa ta da lasifika, babban baƙo ya sake ɗauko Taga daga farko, zauren ya amsa, masu biryani suka fara layi.

Washegari bijimin ya cika shafin farko. Baƙar Laima ta samu 'yar kusurwa a ciki, da hoton Mahtab na shekarun dogon gashi, da taken da ke cewa ba za a manta da shi ba. Kafin azahar mutum uku sun zo shagon yi wa Tofazzal ta'aziyya.

Bai karaya ba. Ya ce dama zaure ba wurinsa ba ne, kogi ne wurinsa. Ana saura kwana kaɗan Sallah ya ɗauki jakarsa ta da, ya sayi ƙunshin pan, ya tasa Mahtab gaba zuwa Sadarghat, ni ma na bi su don ba ni da abin yi. Muka hau jirgin safe mai zuwa Chandpur, wanda matuƙinsa Barek Howlader tsohon abokin Tofazzal ne tun zamanin kaset. Suka rungume juna. Tofazzal ya tambayi iyali da sunayensu, ya tarar biyu daga cikin waɗanda ya ambata sun rasu.

"Tofa, lasifikar nan yanzu ta cigiyar yara ce da gargaɗin 'yan sane," in ji Barek. "Rediyon kaset ɗin ma tun tuni ɓera ya yi gida a ciki."

"Makirfo na aiki?"

"Yana aiki."

"To shi ke nan. Waƙa ɗaya, maigida. A tsakiyar ruwa, inda ba tudu."

Barek ya karɓi pan, ya cusa a kunci, ya ce Allah ya sa a dace. Da muka bar baƙin ruwan kogin Buriganga muka shiga faffaɗan kogi, sai ya kara wayar Tofazzal a bakin makirfo, ya danna. Mu kuma muka sauka hawan ƙasa don mu ga yadda waƙa ke kama mutane.

Gaskiya waƙar tana da kyau. Jita ce ke fara tafiya a hankali kamar mai taka laka, sannan muryar Mahtab ta shigo, ta yi kauri, ta ɗan dishe, tana ba da labarin kogin da ya ɗauki kowa zuwa gida shi kuwa ba shi da inda zai koma. Hawan ƙasa cike yake maƙil, an shimfiɗa zannuwa, ga buhunan shinkafa, ga akuya ɗaure a ƙarfe. Mutanen suna nan, gaba ruwa baya ruwa, kamar da. Kawunansu ne kawai ba sa nan. Kowa ya sunkuya kan tafin hannunsa, igiya na lilo daga kunne. Tofazzal ya riƙa ratsa su yana leƙa fuskoki kamar mai neman ɓarawon takalminsa.

Waɗanda kunnuwansu ke buɗe ba su da yawa. Akwai wata mata da ta ɗaga kai ta ce a rage ƙara, da ƙyar ta samu jaririnta ya yi barci. Akwai mai tallan man ƙaiƙayi, wani siriri mai jaka a wuya, da ya tsaya yana harara sama yana jiran lasifikar ta yi shiru ya fara nasa ihun. Sai wani dattijo mai jan gemun lalle, zaune kan akwatinsa dab da inda Mahtab ya jingina, yana kaɗa kai. Tofazzal ya durƙusa gabansa da sauri.

"Kawu, yaya ka ji ta?"

"Ba laifi. Yaron yana ƙoƙari. Mahtab na Baƙar Laima yake son kwaikwayo, Allah ya jiƙansa, amma ina! Muryar ba ta kai ba."

"Mahtab bai mutu ba."

"Ya mutu. Na ga hotonsa a jarida."

"Ga shi nan tsaye a kanka!"

Dattijon ya ɗaga ido ya dubi hular hana-sallah da tumbin da gilashin, ya yi murmushin da ake yi wa marar lafiya. "Allah ya ƙara lafiya, ɗan'uwa." Sannan ya juya ya ɗaga murya sama. "Kai, matuƙi! In waƙa za ku sa mana ku sa ta ainihi. Ku sa Taga!"

Kalmar ta bi jirgin kamar wuta a busasshen kara. Waɗanda ba su ji komai ba tun da aka taso suka zare igiya suna tambayar me ya faru, aka ce musu za a sa Taga, su ma suka kama kira. Tofazzal ya haura sama a guje da gwiwoyin da suka manta gudu.

"Maigida, ka bari ta ƙare! Saura amshi na ƙarshe!"

"Tofa, jirgin nan na kamfani ne, kuma kowane fasinja yana da lambar manaja a wayarsa." Barek ya tofar da jan yawu ta taga, ya katse kogin a tsakiyar baiti, ya sa Taga.

Abin da ya biyo baya shi ne babbar nasarar da Tofazzal ya taɓa gani a kan ruwa. Hawa uku suka ɗauka tare. Masu furfura suna kuka, 'yan makaranta suna ɗauka a waya, matar nan ta manta da barcin jaririnta. Dattijo mai jan gemu ya dafa kafaɗar Mahtab ya ce, "Ka ji murya, ɗan'uwa? Irin waɗannan ba a sake yin su." Mahtab ya sayi gasasshiyar shinkafa da yaji a ƙunshin takarda, wadda likita ya hana shi, ya ci yana kallon ruwa har muka isa Chandpur.

Bayan Sallah Mahtab ya tafi. Ya bar jitarsa a gidan Ranjan, ya ce a riƙa goge mata ƙura. Tofazzal bai je filin jirgi ba, ya ce ƙafarsa ke ciwo. Ya koma kusurwarsa ya zauna, in mai saye ya tambaye shi caja sai ya nuna Shohag da haɓa. Faya-fayan kuwa Hosne Ara ta samar musu aiki. Ta huda, ta rataya a kan rufin bene don korar hankaki daga barkonon da take shanyawa, kuma ta shaida cewa a wannan fannin babu kamarsu.

Da damina ta ja baya, rasuwa ta kai Tofazzal ƙauyen surukansa, ya hau wannan jirgin na safe. Yana zaune a hawan ƙasa sai ya ji wani abu da ya sa ya kasa kunne. Kogi Ya Tsufa ce, karin nan nata mai tafiya kamar mai taka laka, wani ke rera shi da ƙarfi ba ko kuskure. Ya miƙe ya bi muryar. Siririn nan ne mai jaka a wuya, yana ɗaga ɗan gwangwani yana rerawa cewa ƙaiƙayi ya tsufa, makero ya tsufa, shafa ɗaya da safe ɗaya da yamma. Yara na biye da shi suna amshi. Wani ɗan dako ma yana yi da fito.

Tofazzal ya riƙe masa hannun riga. "Kai, ina ka samo wannan karin?"

"Nawa ne, Kawu. Haka kawai ya zo mini a ka."

"Ƙarya kake! Na Baƙar Laima ne!"

"Allah ya jiƙansu. Gwangwani nawa zan ba ka?"

Ya sa shi ya maimaita, ya ɗauka a waya, ya sayi gwangwani ɗaya don mutumin ya ƙi yin waƙa kyauta. Ranar da ya dawo, bayan magariba, ya kira ni shago in zama shaida, ya sa Shohag ya aika wa Mahtab abin da ya ɗauka, sannan ya buga masa kiran bidiyo. Can safiya ce. Fuskar Mahtab ta fito naɗe da mayafin wuya, a bayansa ƙofar makaranta, a kafaɗarsa 'yar jaka mai hoton zomo.

"Ka ji, Yaya? Ka ji? Ba ɗan'uwanka ba ne, ba nawa ba. Bai taɓa shan shayinmu ba. Don ransa yake yi, har yara sun ɗauka!"

Muna jin iska tana kaɗawa a can.

"Bai ɓata karin ba," ya ce. "Mutane na sayen man?"

"Kamar me! Jakarsa ta ƙare kafin Chandpur."

"To alhamdulillahi. Waƙar ta sayar da wani abu."

"Sharaɗi ya cika, Yaya. Yaushe za ka dawo?"

"Tofa, an buga ƙararrawa. Ƙaramin ya manta da abincinsa."

Wayar ta yi duhu. Tofazzal ya ci gaba da riƙe ta a gaban fuskarsa har Shohag ya zo ya karɓa a hankali ya sa a caji.

Yana nan a kusurwarsa har yau. Gwangwanin na kan kanta, ƙarƙashin hoton. Yana cewa Mahtab bai ce a'a ba, ƙararrawa ce ta katse maganar, don haka ya fara tambayar farashin takarda mai ƙyalli saboda Sallah mai zuwa. Man kuwa ya gwada shi a ƙafarsa. Ya ce ba ya maganin komai.